Bature Mudarribin Harra

Shekarar da Bature ya dawo Madina daga Shargiyya, gabashin Saudiyya, abu biyu ya kawo mana unguwarmu, Harra ta Gabas: kwali guda cike da kaset na bidiyo, da kuma baki. Kwalin dai yana da iyaka.

Ya daɗe can gabas yana aiki a wata unguwar Amurkawa, kuma a faɗarsa ba wanda ya isa ya taɓa ƙwallo a unguwar sai da izininsa. Ba ƙwallon ƙafa ba, wannan wasan yara ne a wurinsa. Besbol yake nufi, wanda mu muka raɗa wa ƙwallon kulki: wani ya jefo, wani ya maka da kulki, ya yar da kulkin ya ruga, ya zagaya tasha uku ya dawo gida kafin a cafo ƙwallon a taɓa shi da ita. Wani Ba'amurke ne da zai koma ƙasarsu ya bar masa kwalin. Duk wasannin ƙungiya ɗaya ce a ciki, masu koren hula, kuma Allah ya sani ban taɓa ganin mutanen da suka ƙware a shan kashi kamarsu ba.

Bayan La'asar muke taruwa a ƙofar shagon Khalilu mai tsire, a kan mirkaz, doguwar kujerar nan mai matasai da ake ajiyewa a bakin titi. Khalilu ya fito da talabijin da bidiyo. Da farko don dariya muke kallo, amma ba a jima ba muka zama magoya baya na gaske, irin waɗanda ke komawa gida da ɓacin rai su huce a kan iyali. Ba mu san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba, sai muka sa musu namu. Akwai Dogo mai jifa, akwai Mai Tofi, akwai Gajere, sai mai horar da su, wani tsoho mai tumbi da ke zama a inuwa yana tauna.

Tsakiyar mirkaz, saitin talabijin, inda iskar fanka ta fi bugawa, nan ne wurin Bature. Rimot a hannunsa yake. Shi ke tsayar da kaset, shi ke mayar da shi baya, shi ke faɗa mana abin da idonmu ya riga ya gani. Mudarrib muke kiransa, wato mai horarwa, kuma in ka kira shi da sunansa tsirara sai ya yi kamar da bango kake magana. Gidan haya yake zaune, motarsa sai an tura take tashi, amma wannan kujera da wannan suna ya fi ji da su fiye da yadda attajiri ke ji da bene.

Ran nan masu koren hula suka sake shan kashi, mirkaz ya kaure.

“Dogon nan ne matsalar,” in ji Khalilu yana fifita gawayi. “Hannunsa ya mutu. A sayar da shi.”

“Wa zai saya?” in ji Audi direban tasi. “Ni Mai Tofi nake zargi. Tun da muka buɗe kwalin nan tofi kawai yake yi, ban ga ranar da kulkinsa ya haɗu da ƙwallo ba.”

Alhaji Idrisa, dattijon layinmu, ya gyara zama. “Ku bar su. Gajeren nan fa? In yana gudu sai ka ce tukunyar gas aka ɗora masa.”

Bature ya danna rimot, hoto ya tsaya. “Jahilci! Ya jama'a, ba 'yan wasa ba ne matsalar, tsohon nan ne. Bai san aiki ba. Ku duba nan.” Ya mayar da kaset baya zuwa inda Dogo da mai cafe masa ƙwallo, wanda ke tsugune a bayan mai duka, suka haɗu a tsakiyar fili suna raɗa. “Kun gani? Kullum sai sun yi taro. Me ya sa? Ba su san juna ba! Wannan daga gabas, wannan daga yamma. Ni da nake horar da Amurkawa, 'yan gida ɗaya nake haɗawa a jifa da cafewa. Ido ya haɗu da ido, khalas, an gama magana.”

Dakta Hamid yana gefe yana kurɓar shayi. Bakano ne, yana aiki a wata saidaliyya a Sultana, yana sayar da magani. Mutum ne mai sanyin murya, irin wanda zai cinna wuta ya koma gefe yana tambaya wa ya ji ƙauri.

“Mudarrib, da kai ne a kujerar tsohon, wasa nawa za ka ci?”

“Duka.”

“Da waɗannan 'yan wasan?”

“Ko da ku ne, ya Dakta! Ku ɗin nan masu tumbin shinkafar kabsa. A ba ni ku in horar, wallahi babu wanda ba zan doke ba a ƙasar nan.”

“Alhamdu lillahi,” in ji Hamid. “Akwai wasu Musulmin Filifin da ke gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a warsha, shagon gyaran nan da ke kusa da mu. Kowace Juma'a suna buga irin wannan a wani fili a Aƙiƙ. Babbansu Abdulsalam, jiya ma yake cewa sun rasa abokan karawa.”

Na ga Bature ya waiga yana neman hanyar zamewa. Amma idanu sun yi yawa a kansa.

“Ka gaya musu su shirya likkafani.”

“In kuma sun ci ku?”

“Ba za su ci ba.”

“In sun ci.”

“In tashi daga kujerar nan, in ajiye rimot, kada a ƙara ce mini Mudarrib, kada in ƙara cewa uffan a kan wasa har kwalin nan ya ƙare!”

Khalilu ya ajiye mafici ya ce a maimaita saboda shaidu. Bature ya maimaita, har da ɗaga yatsa.

Washegari aka shiga neman kayan aiki. Ƙwallo ɗaya ce da shi, wadda ya zo da ita daga Shargiyya yana ajiyarta a sif kamar zinari. Kulki kuwa babu. Ya zagaya Sultana kaf, masu shagon wasanni suna nuna masa raket ɗin tanis. Da ya gaji sai ya koma gida ya ɗauko taɓaryar matarsa Shafa'atu, wadda wata alhajiya ta kawo mata tun daga Zinder.

Daga titi muka jiyo su.

“Abu Nadiya, ina za ka da taɓaryata?”

“Aikin ƙasa zan yi da ita.”

“Wace ƙasar? Da me zan daka yaji?”

“Ki yi haƙuri zuwa Juma'a, za a dawo miki da ita da kofi.”

“Kofi muna da su dozin a gidan nan. Taɓarya ɗaya ce.”

Safar hannu ya aro wajen mai walda, da wajen Ba'afganin da ke gasa burodin tamis. Abin rufe fuskar mai cafewa kuwa, sai ganinsa muka yi da sukurdireba yana kwance ragar fankar Khalilu. Ya ɗaura mata igiyar wando, ya ce ko a Amurka haka aka fara. Matashin mirkaz ɗaya ya zama sulken ƙirji.

Horo a bayan layinmu aka fara shi, kan duwatsun nan baƙaƙe na Harra da ko akuya sai ta yi bismilla take takawa. Dukan farko Audi ya yi. Bai sami ƙwallo ba, amma taɓarya ta kuɓuce ta sami fitilar motarsa. Duka na biyu Khalilu ya samu, ƙwallo ta bugi dutse ta canza shawara ta haye katangar Hajiya Kaltuma, ta faɗa cikin kwanon da take jiƙa tsamiya. Sai da Bature ya tsaya a ƙofarta yana “ya Hajja, lillahi” har ta gama gaya masa tarihin kakanninsa, sannan ta jefo masa ita, jifan da shi kansa ya ce da namiji ce da ya ɗauke ta. Ni kuma aka ce in koyi gudu zuwa tasha ta farko. Tob ɗina, doguwar rigar nan, ya harɗe ni, na yi sujada ba niyya.

Sannan ya koya mana alamun sirri, irin waɗanda tsohon kaset ke yi. In ya taɓa hanci, ka ruga. In ya taɓa kunne, ka koma. In ya kaɗa hannu a gaban fuska, kowa ya ruga ko ina yake. Ya sa muka rantse ba za mu gaya wa matanmu ba.

Abu ɗaya ne Allah ya ba shi na gaske, wato Saif. Yaro ne matashi haihuwar Madina, in ka yi masa Hausa ya amsa maka da Larabci, yana aikin ɗora buhunan dabino. Bature ya jingine tsohuwar katifa a bango ya ce ya jefa. Ƙwallon ta fito tana kuka, ta huda katifar ta nutse a ciki. Bature ya rungume shi.

“Ga Dogona! Saura mai cafewa, kuma dole ɗan gida ne. Wa kake da shi a layin nan?”

“Ma fi ahad, ya ammi. Babu kowa.”

“Yaya babu kowa? Ba kai ke auren Suhaila 'yar Alhaji Idrisa ba? Shi ke nan, Alhaji ne zai cafe maka! Ga jiki, ga faɗi, ƙwallo ba ta da ta inda za ta wuce shi.”

Saif ya sunkuyar da kai. Mu kuwa muka dubi juna. Kowa a Harra ya san in Alhaji Idrisa ya doso mirkaz ta gabas, Saif ta yamma yake sulalewa. Yaron ya manta rabin Hausarsa, amma kunyar suruki uwarsa ta dafa masa ita ta ba shi ya sha tun yana goye. Bai taɓa cin abinci a gaban Alhaji ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, ko sunan Idrisa ba ya faɗa, har wani abokinsa mai sunan ya koma kiransa “mai sunan Baba”. Bature da ya yi shekaru a cikin Amurkawa duk wannan ya zube masa a hanya. Ya kamata wani ya tuna masa. Na dubi Hamid, Hamid ya dubi sama. Gaskiya so muke mu gani.

Alhaji Idrisa ya karɓi muƙamin da sharaɗi ɗaya: ba zai zo horo ba. “Ni ba yaro ba ne. Cafe ƙwallo ne sai an koya mini? Ranar wasa ka nuna mini inda zan tsaya.” Haka Saif ya ci gaba da huda katifa shi kaɗai, Bature yana zagaya unguwa yana gayyatar jama'a su zo su ga yadda ake aiki.

Suka kuwa zo. Ranar Juma'a bayan La'asar filin nan na Aƙiƙ ya cika da mutanen Harra, wasu a tasi, wasu a bayan wanet, motar a-kori-kura. Mata suka zauna cikin motoci da filas ɗin shayi, an sauke gilashi rabi. A gefen filin akwai garken tumaki, a bayansa kuma kwarin wadi. 'Yan Filifin suka iso da riguna iri ɗaya, da kulake na gaske, da safar fata. Abdulsalam, gajeren mutum mai fara'a, ya dubi taɓarya, ya dubi ragar fanka, ya dubi Bature da ya sha koren hula da usur a wuya, ya ce, “Masha Allah,” da muryar mai ta'aziyya.

Su aka ba dukan farko. Saif ya hau tulin yashin da mai jifa ke tsayawa. Bature da kansa ya ɗaura wa Alhaji Idrisa matashi a ƙirji, ya ɗaura masa ragar fanka a fuska, ya kai shi bayan mai duka.

“To Alhaji, tsuguna.”

“In yi me?”

“Ka tsuguna. Haka dokar take, ai kana gani a kaset.”

Alhaji ya yi tsaki, ya tattare tob, ya dafa gwiwa, ya tsuguna da nishi.

Saif ya ɗago kai, ya ga surukinsa, uban matarsa, tsugune a ƙasa a gabansa, shi kuwa yana tsaye a kan tudu. Kafin ka ce me ya tuɓe takalmi, ya sauko daga yashin, ya zube ƙasa ya tsuguna har ya fi Alhaji yin ƙasa, kai a sunkuye.

“Barka da yamma, Baba.”

“Barka kadai,” in ji Alhaji daga cikin ragar fanka. “Ya mutanen gidan?”

“Lafiya lau, alhamdu lillahi.”

“Ya jikin ƙaramar?”

“Da sauƙi, Baba.”

“Madalla. A dinga rufe ta daga mukayyif.”

Ɗan Filifin mai kulki ya tsaya a tsakaninsu yana duban wannan yana duban wancan. Bature ya busa usur ya rugo.

“Saif! Gum! Tashi ka jefa!”

“Ma agdar, ya ammi. Ba zan iya ba. Baba yana ƙasa.”

“Alhaji, ɗan miƙe ya samu ya tashi.”

Alhaji ya miƙe, Saif ya miƙe. Bature ya koma gefe ya ce to a fara, Alhaji tsuguna. Alhaji ya tsuguna, Saif ya tsuguna. Aka sake. Aka kuma sakewa. Wannan ya yi sama wancan ya yi sama, wannan ya yi ƙasa wancan ya riga shi. Jama'a suka fara faɗuwa don dariya, wani daga bayan wanet yana ƙirga musu kamar masu motsa jiki. Gwiwar Alhaji tana ƙara ana ji daga tasha ta biyu.

“To jefa a tsugunen!” Bature ya daka tsawa. “Dubi yatsunsa, zai ba ka alama!”

“In dubi Baba? Aib, ya ammi!”

“To kada ka duba, jefa kawai!”

Saif ya kawar da kai gefen tumaki, ya riƙe ƙwallo da hannu biyu yadda ake miƙa wa babba abu, ya lallaɓa ya turo ta sama-sama don kada ta ji wa Baba ciwo. Ta taho a hankali, har kana iya karanta rubutun jikinta. Ɗan Filifin ya jira ta, ya gyara tsayuwa, ya maka. Ba mu ƙara ganinta ba sai da aka shiga wadi nema.

Haka na biyu ya yi, haka na uku. Suka dinga zagaya tashoshi suna dawowa gida kamar masu ɗawafin kasuwa, wasu ma tafiya suke suna gaisa da mu. Ni aka ajiye can baya in cafe, da safar mai tamis a hannu, aikina kawai in ɗaga kai in bi ƙwallo da ido in ce inna lillahi. Hamid, da aka ba ƙirga maki, ya mayar da biro aljihu. Daga ƙarshe Abdulsalam ya yi wa yaransa magana da yarensu, suka dinga buga ƙwallo a hankali saitin hannun Khalilu, har aka samu aka fitar da uku daga cikinsu. Sadaka ce, kuma mun karɓa.

“Dabara ce,” in ji Bature da muka taru, gumi na zuba daga koren hula. “Na bar su su gaji. Yanzu za ku ga aiki. Ku kula da alamuna.”

Abdulsalam ya ba mu aron kulki, don taɓarya Audi ya kasa ɗaga ta a kan lokaci. Cikin ikon Allah Audi ya rufe ido ya kai duka ya samu, ya isa tasha ta farko yana haki. Bature ya tsaya a gefen garken tumaki, inda yake ganin kowa zai hango shi. Abin da bai lissafa ba shi ne ƙudajen wurin, waɗanda suka ji ƙanshin gumi suka taho gayya. Ɗaya ya sauka masa a hanci, ya kai hannu. Audi ya ruga. Wani ya sauka a kunne, ya kai hannu. Audi ya ci birki ya juyo. Hanci, Audi ya ruga. Kunne, ya dawo. Da suka yi masa yawa ya kaɗa hannu biyu a gaban fuska, sai mu duka da ke zaune muna jiran layi muka tashi muka ruga cikin fili, don haka ya ce, kowa ko ina yake. Muka yi karo da Audi a tsakiya. Ɗan Filifin ya tako a hankali ya taɓa shi da ƙwallo, ya ce ma'alesh, wato a yi haƙuri.

Sai Alhaji Idrisa ya karɓi kulki. Mai jifansu ya ga furfura ya tausaya, ya yi ta jefawa nesa da shi har doka ta ba Alhaji tasha ta farko kyauta. Ya tafi ya tsaya a kai, ya zaro carbi.

Sai ga Saif da kulki, kuma yanzu ba suruki a gabansa. Ƙwallon farko ya ɗauke ta da wani irin duka da tumaki suka watse. Ta tashi ta wuce 'yan Filifin, ta wuce motoci, ta gangara wadi. Harra duka ta miƙe tana ihu. Mata suka saki guɗa daga cikin motoci. Bature yana tsalle yana jifa da hula.

“Kun gani? Horona ne! Saif, ruga! Alhaji, ruga!”

Alhaji Idrisa bai yi gudu ba tun zamanin da yake saurayi, kuma bai ga dalilin da zai fara yau a gaban 'ya'yansa da jikokinsa ba. Ya kama hanyar tasha ta biyu da takun zuwa masallaci, carbi na lilo. Saif ya taho kamar iska, ya iso bayansa, ya ja birki. Ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannu a baya, ya bi shi a hankali da tazara ta ladabi.

“Wuce shi! A'a, kada ka wuce shi, haramun ne a doka! Tura shi!”

“In tura Baba?”

“Alhaji, don girman Allah ɗaga ƙafa!”

“Kai Bature, kada ka ƙara ɗaga mini murya a gaban yaron nan.”

A tasha ta biyu Alhaji ya tsaya ya amsa sallamar ɗan Filifin da ke gadinta, ya tambaye shi ko yana gyaran firji. Saif ya tsaya nesa yana jira a gama. Kafin su kai ta uku, an gangara wadi, an nemo ƙwallo, an hauro da ita, an jefo. Abdulsalam ya taɓa Alhaji da ita cikin girmamawa, ya taka baya kaɗan ya taɓa Saif. An fitar da uku, ba mu da ko ɗaya.

Da aka ce Alhaji ya koma ya tsuguna, sai ya kwance ragar fanka ya yar a gaban Bature.

“Ka tsugunar da ni a gaban surukina, a gaban garin nan, gwiwata ta tashi aiki. Kai da ka horar da Amurkawa, bismilla, tsuguna mu gani.”

Jama'a suka ɗauka: “Mudarrib! Mudarrib!” Bature ya waiga neman wanda zai tura, kowa ya shagala da duban takalminsa. Ya ɗaura matashi, ya ɗaura raga, ya tsuguna. Alhaji kuma ya tafi ya shige motar Audi ya rufe ƙofa, inda ba ya ganin fili.

Saif ya sa takalminsa. Ya hau tudu, ya miƙe tsaye sosai a karo na farko tun da aka fara. Yaron nan an kunyata shi a gaban uban matarsa, an sa shi ya yi ta sama da ƙasa garin yana dariya, kuma ga wanda ya jawo masa tsugune a saitinsa. Bature ya fara nuna yatsu, alamar a jefo a hankali. Saif ya dube shi ido cikin ido, ya ɗaga ƙafa.

Ɗan Filifin mai kulki ya ji kukan ƙwallon ya yi tsalle baya. Bature ya rufe ido, ya miƙa safar walda can gefe inda ba kowa. Ƙarar da muka ji irin ta faɗuwar murfin tukunya ce a kan siminti. Raga ta lotsa ta kama masa hanci, shi kuma ya tafi da baya ya miƙe a ƙasa, ƙafafu a sama.

Muka rugo. Da ƙyar mai walda ya ɓanɓare ragar. Hamid ya durƙusa, ya buɗe masa ido, ya ce a ba shi wuri, dole ya gwada ko ƙwaƙwalwa ta taɓu. Kowa ya kasa kunne.

“Ya sunanka?”

“Bature,” ya amsa da ƙyar, ido na juyawa.

“A wane gari kake?”

“Madina.”

“Madalla. Wane aiki ka yi a Shargiyya?”

“Direban bas ɗin yara. Ina kai su fili, in sauke musu kular ruwa, in jira a mota.”

Hamid ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. “Alhamdu lillahi, ya jama'a, ƙwaƙwalwa lafiya lau. Ban ma taɓa jin ta da lafiya kamar yau ba.”

Dariyar da aka yi har Alhaji sai da ya sauke gilashi ya tambayi abin da ya faru. Shafa'atu ta fito daga mota, ta ratsa maza ba ta dubi kowa ba, ta ɗauki taɓaryarta ta saɓa a kafaɗa. Ta tsaya a kan mijinta.

“Sannu, Abu Nadiya. Tashi mu tafi, an kusa kiran Magariba.”

Washegari bayan La'asar mun ɗauka ba zai fito ba. Sai ga shi da filasta a hanci, yana tafe a jikin bango. Alhaji Idrisa ya riga ya baje a tsakiyar mirkaz da rimot a hannu, yana danna shi a juye. Ba wanda ya matsa. Bature ya jawo akwakun lemo ya zauna can ƙarshe kusa da hayaƙin tsire, inda sai ka karkata kake ganin rabin talabijin.

“Sannu da jiki, Bature,” in ji Audi, yana jan sunan yadda kowa zai ji.

Ya ɗaga hannu kawai. Wallahi sai na ji ya ba ni tausayi, mutumin da ko atishawa aka yi a kaset sai ya yi mana sharhinta.

Aka sa kaset. Masu koren hula suka shiga aikin da suka saba. Dogo ya jefa aka maka, Mai Tofi ya yi tofi, Gajere ya faɗi a hanya. Da aka tashi, sai aka hasko tsohon nan mai tumbi zaune shi kaɗai a inuwa, ya daina taunar ma, yana duban ƙasa. Mirkaz ya yi masa ca. Khalilu ya ce a kore shi, Audi ya ce a haɗa masa da duka, Alhaji ya ce ko tumaki ba zai ba shi kiwo ba. Ina kallon Bature, magana ta taso masa, ya danne, ya sake dannewa, idonsa ya kawo ruwa.

“Ku ji tsoron Allah ku ƙyale bawan Allahn nan!” ya fashe, murya na fita ta cikin filasta.

“Kai, alkawari!” in ji Khalilu. “An ce uffan.”

“Na sani, yanzu zan yi shiru. Amma ku da kuke zaune a inuwa kuna zagi, me kuka sani? Wa ya sani ko shi ma surukai aka haɗa masa?”